Akwatin da ke Faɗin Launi

Nana, ke kika tayar da wannan babi, don haka da ke zan fara. Ranar da na shiga Sakkwato ganin likitan ido, na biya ta ɗakin da kike koyar da masu fara koyon gina shafin intanet. Na tarar da ɗalibanki kowa ya duƙufa kan aikin farko da kike ba su: shafi fanko da maɓalli ɗaya a tsakiya, duk sa'ad da aka danna sai bangon shafin ya sake launi, ba wanda ya san wanda zai fito. Kika tsaya kina yi mini bayani a hankali kamar wanda aka kawo daga ruga yau da safe. Kika ce kwamfuta ce ke zaɓo lambobi uku da ka, ɗaya ta ja, ɗaya ta kore, ɗaya ta shuɗi, ta gauraya su, har ana iya samun launi fiye da miliyan goma sha shida. Na gyaɗa kai na ce madalla. Abin da ban gaya miki ba a gaban ɗalibanki shi ne, na yi wannan aikin tun kina cikin uwarki, da launi takwas kacal, kuma shi ne ya raba mu da garinmu Sifawa.

Na san kun taso kuna jin wani labari a bakin dangi, cewa kakanku ya kore ni daga gida saboda na kawo bokancin Turawa. Ba ku taɓa tambayata ba, don kunya ko don tausayi, ni kuma ban taɓa gyara muku ba. Yanzu ido ya fara gazawa, waɗanda suka ga abin da idonsu kuma duk sun riga mu gidan gaskiya, saboda haka gara in ajiye muku shi yadda ya faru.

A zamanin mulkin farar hula na biyu ina ƙaramin malamin lissafi a wata firamare kusa da Boɗinga. Lokacin gwamnati na jin kuɗin mai, ana kwasar malamai ana tura su ƙaro ilimi, har rabo ya faɗo kan irina aka tura ni Ingila kwas na 'yan watanni. Abokan tafiyata sun dawo da rediyo mai kaset da kwat da agogo. Ni kuwa, da yake tun ina yaro an ce kaina da motsi, sai na dawo da wata 'yar kwamfuta wadda ba ta kai allon ƙaramin yaro girma ba, mai maɓallan roba. Ba ta da fuskar kanta, sai an jona ta da talabijin. Talabijin ɗin da ƙarfina ya kai kuwa ƙarama ce mai baƙi da fari, wadda ke aiki da batirin mota, ina ɗaure batirin a bayan keke in kai shi caji Boɗinga. Kalmar kwamfuta ba ta shigo garinmu ba tukuna, kowa akwatin Umaru yake ce mata. Burina a lokacin ba ƙarami ba ne: so nake yaran ajina su taɓa abin nan da hannunsu kafin yaran Legas su ji labarinsa.

Abin da na fara rubuta mata bai fi layi biyar ba. Ta zaɓi lamba ɗaya da ka a cikin takwas, ta shafe bango da launin wannan lambar, ta jira a danna maɓalli, ta sake. A Ingila na ga abin a talabijin mai launi har na yi ta murna kamar yaro ranar sallah. A Sifawa kuwa sai toka mai duhu da toka mai haske, ja da kore duk sun zama 'yan uwan juna. Don kada wahalata ta tashi a banza, sai na ƙara layi ɗaya: ta rubuta sunan launin a tsakiya da Hausarmu. Kore na sa mata tsanwa, yadda muke faɗi a gida. Sai ya zama kana kallon toka, akwati yana gaya maka wai rawaya ce. Na kuma yi kuskuren da na ga wata ɗalibarki ta yi, Nana, har kika yi mata dariya. Rubutun baƙi ne, don haka duk sa'ad da bango ya zo baƙi sai sunan ya ɓace, fuskar talabijin ta yi ɗif ba komai. Na ce zan gyara, ban gyara ba.

Gidanmu a wancan lokaci gida ne mai murya da yawa. Da asuba muryar kakanku, wanda mu 'ya'yansa ma Malam muke ce masa, tana fitowa daga zaure yana biya wa magidanta littattafai. Da hantsi sai turmi da tankaɗe su karɓa. Da la'asar kuwa fili na Gwaggo Luba ne, ƙanwar Malam, wadda ta dawo gida zama bayan rasuwar mijinta. Allah ya jiƙanta, mace ce mai kyauta da dariya, amma in magana ta shiga kunnenta da safe, kafin azahar ta kai Dingyaɗi. Malam bai mallaki abin duniya ba, ban da gonar gero da 'yar fadamar albasa. Abin da yake da shi suna ne. An san shi tun daga Boɗinga har Shagari a kan abu guda: ba ya duba, ba ya buga ƙasa, ba ya gaya wa kowa abin da zai faru gobe. A shekarar zaɓe na biyu 'yan siyasa sun yi ta sallama da manyan motoci suna son a duba musu, sai ya sa a dama musu fura, ya yi wa ƙasa addu'ar zaman lafiya, ya raka su bakin ƙofa. Ba a ɗaurin aure ko raɗin suna a unguwarmu sai an ce Malam ya yi addu'a.

Wata la'asar na fito da akwatin tsakar gida ina nuna wa mata da yara. Uwarku na zaune gefe da tsohon ciki tana tsince shinkafa. Gwaggo Luba ta daɗe tana kallo, ta taɓe baki.

"Kai Umaru, wanga abu naka mi shika yi in ba juya toka ba?"

"Gwaggo, launi shika zaɓe. Ko ni ban san wanda za shi zaɓa ba."

"To tunda gwanin zaɓe na, shi zaɓa muna. In yac ce ja, ɗiya mace Balki za ta haihwa. In yac ce tsanwa, namiji na."

Aka yi dariya, uwarku ta rufe fuska da gyale. Gwaggo ta miƙa yatsa ta danna, akwati ya rubuta ja. Bayan 'yan makonni sai ga ki, Nana, kin iso da kukanki. Da namiji kika zo da yanzu ba ni da abin rubutawa a wannan babi. Ranar sunanki babu matar da ta fita gidanmu ba ta ji cewa akwatin Umaru ya riga ungozoma sani ba.

Ku tuna irin shekarar da ake ciki. Damina ta ɗauke da wuri, gero ya tsaya bai cika ido ba. Ciwon bushiya ya shiga garken shanu, ana wucewa ta hanyar Shagari ana toshe hanci. Kafin mu farga soja sun karɓi mulki, aka shiga layin sabulu da madara da shinkafa, ana rage ma'aikata, albashi sai ya ga dama. Mutum in yana cikin irin wannan hali, ko kututture ya ji an ce yana magana sai ya je ya gaishe shi. Da farko 'yan mata ne ke zuwa da wasa, sai matan aure suka biyo, sai na fara ganin magidanta suna rakuɓe a bakin ƙofa, wai sun zo ganin ikon Allah. Kowa ya zo da tambayarsa a zuci, shi zai yanka wa kansa sharaɗi, in fari ne in shuka albasa da wuri, in shuɗi ne in haƙura. In kuwa baƙi ya fito, rubutu ya ɓace, sai ka ga jikin mutum ya mutu, wai akwati ya ƙi magana, abin ya yi muni ke nan. Ina ta faɗa musu wasa ne, suna cewa ai sun sani, gobe kuma su dawo da maƙwabcinsu. Gaskiya a lokacin abin dariya yake ba ni, har da ɗan jin daɗin an san da ni.

Malam bai taɓa leƙa akwatin ba. Wata rana bayan ya sallami masu ɗaukar karatu ya aika a kira ni. Na durƙusa a bakin buzunsa, ya daɗe yana gyara takardun littafi kafin ya ɗago.

"Umaru, mi nika ji ga bakin mutane?"

"Allah shi gafarta Malam, wasa na. Gwaggo ta tayas da shi."

"Luba na san ta tun ba ta da haƙori. Kai nika tambaya. Abin ga naka, wa ka hwaɗa mai launin da za shi hwaɗi?"

"Ba kowa, Malam. Lissahi na kawai."

"To in lissahi na, mi as sa ido ba shi ganin tsanwar da shika cewa? Mai hwaɗin abin da ido bai gani ba, mun san sunanai ga littahi. Ni ban ce ka yi saɓo ba. Amma gidan ga ba a taɓa zowa tambayar gobe cikinai ba, sai bana."

Na fita daga zauren kaina na aiki, don akwai abin da na riga na lura da shi. Duk sa'ad da na cire batir na mayar, launin farko da akwatin ke kawowa iri ɗaya ne, na biyu ma haka, na uku ma haka. Ashe na'ura ba ta iya zaɓe da ka na gaskiya ba. Wata doguwar sarƙar lambobi gare ta wadda take bi, kuma in ba ka gaya mata ta fara daga wani wuri daban ba, kullum daga kan sarƙar take farawa. Akwai kalma guda da ake sawa a farkon rubutun don ta ɗauki mafarinta daga agogon cikinta, ni kuwa na manta da ita. Naku na yanzu da kansu suke yin wannan, shi ya sa ɗalibanki ba su san da matsalar ba. Da na gane haka sai na ji kamar an ba ni kujerar Makka. Na ce ga hujja ta samu: in na nuna wa jama'a cewa ni ɗan Adam ina iya riga akwatin faɗi, kowa zai gane ba ya san komai, bin layi kawai yake. Na zauna na haddace jerin launukan har suka zauna mini.

Na roƙi Malam ya ba ni izini, ya ba ni. Ranar wata Alhamis bayan la'asar na fito da talabijin ƙofar gida na ɗora a kan turmi. Jama'a ta taru fiye da yadda na zata, har da masu dawowa daga fadama da kwandunan albasa a ka. Aka shimfiɗa wa Malam buzu a bakin zaure. Na yi jawabi irin namu na malaman makaranta, mai tsawo, wanda ba wanda ya saurara. Sannan na jona batir, na juya wa talabijin baya, na ce wani ya riƙa dannawa, masu karatun boko su riƙa karanta abin da ya fito. Na ce shuɗi, aka danna, aka ce shuɗi ne. Na ce fari, aka ce fari ne. Na ce yanzu zai yi baƙi, rubutu zai ɓace, aka danna, fuskar talabijin ta yi ɗif. Haka na yi ta jerowa ban saɓa ko ɗaya ba. Da na waiwaya sai na ga Malam yana murmushi, abin da ba kasafai yake yi a gaban mutane ba.

"Ashe hadda ta," in ji shi. "An ba shi karatu ya riƙe, shina maimaitawa. Ko tilawar yaro ta hi wannan wuya."

Shi kaɗai ya fahimta a duk taron. Kafin in buɗe baki in ɗora a kan maganarsa, wani dattijo daga baya ya ɗaga murya.

"Kun gani ko? Ashe ba akwatin ba na, Umaru na! Shi ka ba akwatin amsa, ko kallonai bai yi ba!"

Wuri ya ɗauki salati. Na ɗaga hannu ina cewa ku tsaya, ku tsaya, amma ina, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Na je neman gira na rasa ido. A daren ranar na kulle akwatin a cikin adakar uwarku, na yi rantsuwa ba zan sake fito da shi ba, sai dai hakan bai hana komai ba, don yanzu ba wurin akwati ake zuwa ba. A hanyar makaranta a tare ni, a masallaci a matso kusa da ni, har wata tsohuwa ta biyo ni da zakara. In na ce ban sani ba, a ce ɓoyewa nake don kunyar Malam. In na yi fushi, a ce masu abin haka suke, ba a matsa musu.

Wanda ba zan manta ba shi ne wani Bafillace mai suna Buba, daga rugagen Shagari. Ya iso da hantsi ina zaune a zaure kusa da Malam ana karatu. Dogo ne, ya rame har wuyansa ya fito, ƙafafunsa sun yi furu-furu saboda tafiya. Ya yi sallama, ya gaida Malam a tsaitsaye, sannan ya wuce shi ya zo gabana ya cire malafa ya durƙusa, a cikin zauren mahaifina, a gaban ɗalibansa.

"Malam Umaru, bushiya ta cinye garkena, 'yan kaɗan sunka rage. In yi kudu da su ko in tsaya? Abin da kac ce shi za ni yi."

"Wallahi ban sani ba, bawan Allah. Ni malamin lissahi na."

"Ko labarin ba shi da kyau, hwaɗa min. Na iya ɗauka."

Ban taɓa jin kunya da tausayi sun haɗu mini wuri guda kamar ranar ba. Malam ne ya rufe littafi, ya kira shi kusa, ya tambaye shi labarin ruwa da ciyawa da inda 'yan uwansa suka nufa, ya koya masa addu'ar neman zaɓin Allah, ya sa aka kawo masa abinci. Buba ya ci, ya yi godiya, amma da zai fita ni ya sake kallo, yana jiran ko zan yi masa wata alama. Na ji an ce kudu ya yi, ban sake samun labarinsa ba.

Daga nan magana ta juya. Aka fara cewa ashe gidan Malam ma ana yi, da can dai farashin ne bai kai ba. Wasu suka ce uban ya ƙi da baki, ya sa ɗan ya karɓa da hannu. Magidanta biyu ko uku suka daina zuwa karatu. Abin da ya karya ni kuwa ya faru ne a wani raɗin suna a bayan gidanmu. An raba goro, an faɗi sunan jariri, aka zo wurin addu'a, sai mai gidan ya tsallake Malam ya miƙa wa wani baƙon malami. Malam ya ɗaga hannu tare da kowa ya shafa, ya yi wa mai jego barka, muka taho gida yana gaba ina baya. Bai tayar mini da maganar ba, har tambayata ya yi ko an biya mu albashi. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na kwana biyu ina juya abin. Fasa akwatin ba zai yi amfani ba, tunda ni ne akwatin yanzu. Wa'azi ba zai yi ba, na gwada na ga inda ya kai ni. Muddin ina kwana a gidan nan ina cin tuwonsa, za a ce da yardar Malam nake yi. Sai na tafi ofishin ilimi na nemi a mayar da ni Lambara, inda rage ma'aikata ya bar makaranta ba malamin lissafi. Ba su ja ba, don ba mai son zuwa. Na gaya wa uwarku, ta yi kuka, don ba ta taɓa zama nesa da danginta ba, amma ta ce inda na sa ƙafa nan za ta sa. Sannan na sami Malam shi kaɗai a fadama yana duba albasa, na gaya masa. Na ƙara da abin da ya fi wuyar faɗi, cewa in mun tashi mutane za su ce shi ya kore ni, kuma ina roƙonsa ya bar su su ce.

"Ƙarya kaka son in yi da tsuhwana?"

"A'a Malam. Shiru kawai nika roƙo. Kada a raka mu, kada a yi muna ban kwana ga idon mutane. Sauran aikin Gwaggo ta ishe shi, ba sai an sa ta ba."

"In wani yat tambaye ni, gaskiya za ni hwaɗi."

"Wa ad da ƙarhin halin tambayar ka, Malam?"

Ya murza ganyen albasa a hannu. Ya ce sunan da sai an ba da ɗa kafin a tsare shi, bai san ko ya kai a tsare ba. Na ce ba nasa ba ne shi kaɗai, na masu zuwa zauren ne, waɗanda in suka daina yarda da shi ba su da wani wurin da za a gaya musu ba a san gobe ba. Mun daɗe a bakin rijiyar fadamar nan. Da muka tashi tafiya sai ya yi mini wata tambaya da ban zata ba.

"Tsanwar ga da akwatin ka hwaɗi, kai ka taɓa ganin ta da idonka?"

"Na gani, Malam, can Ingila."

"Tana da kyau?"

"Tana da kyau ƙwarai."

Ya ce to madalla. Har ya bar duniya bai ga launi ko ɗaya daga cikin takwas ɗin ba, ban da baƙi da fari, kuma wannan yana cikin abubuwan da ke damuna har yau.

Dabarar ta ci, ba zan ɓoye muku ba. Kafin wata ya zagayo labari ya gama ƙasar Boɗinga cewa Malam ya zaɓi addini a kan ɗansa. Waɗanda suka daina zuwa karatu suka dawo da ƙarin wasu, addu'ar suna da ta aure ta koma hannunsa har ƙarshen ransa. A Lambara kuwa na sami mutanen kirki, kuma da yake ba su ga abin da idonsu ba, ƙyale ni suka yi bayan ɗan lokaci. Amma ku san abin da aka biya. Shekaru da dama ba na zuwa Sifawa sai da sallah, in gaida Malam a cikin jama'a kamar baƙo, in juya kafin magariba. Ke Nana kin yi rarrafe, kin yi tafiya, kin fara magana, duk bai gani ba. Akwatin bai sake fita daga adaka ba har tsatsa ta cinye shi, yaran ajina kuma ba su taɓa shi ba. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa ɗansa hannu ba ya yarda a riƙa kiransa mai zafin zuciya, ku jikokinsa ma kuka taso da jin tsoron sunansa. Wannan ne nake so ku sauke daga zukatanku. Ban taɓa sanin mutum mai taushin zuciya kamarsa ba, kuma ina kewarsa yau kamar jiya aka binne shi.

Ranar da za mu tashi, motar ɗaukar albasa ce ta tsaya mana a bakin hanya da sassafe. Aka fitar da gado da tukwane da adaka. Mata suna ta koke-koke a cikin gida, Gwaggo Luba ta fi kowa, tana cewa ita ba ta taɓa ganin taurin rai irin na yayanta ba. Maƙwabta sun fito sun jeru a gindin katanga suna kallo. Dole ta cikin zaure za mu bi, don gidan ba shi da wata ƙofa. Malam na zaune a kan buzunsa ya ba hanya baya, magidanta sun kewaye shi, yana biya musu karatu kamar kowace safiya. Uwarku ta wuce da ke a goye, ta rage tsawo ta gaishe shi, ya amsa da kai bai juyo ba, kamar yadda muka shirya. Na biyo baya da talabijin a hannu. Na yi niyyar wucewa da sauri, amma da na kai bakin ƙofa sai kunnena ya kama abin da yake karantawa. Littafi ne da ya fi shekara talatin yana koyar da shi, ko cikin barci aka tashe shi zai kawo shi daga farko har ƙarshe. Ya karanta layi ɗaya, ya kai ƙarshensa, ya koma farkonsa. Ya sake karantawa, ya sake komawa. Ɗalibansa duk sun sunkuyar da kai, ba wanda ya ɗago, ba wanda ya tuna masa na gaba. Har na kai bakin mota ina jiyo muryarsa, bai bar wannan layin ba.